Alluna Goma Sha Huɗu a Bakin Gareji

Shekara tara Braimah Issaka ya yi yana aiki a garejin ajiye motoci da ke ƙarƙashin wani dogon gini a ƙasan Manhattan, layi biyu daga bakin East River, kafin guguwar Sandy ta zo. Mutumin Kumasi ne, haifaffen Aboabo. A unguwar Highbridge ta Bronx yake zaune da matarsa Hawawu da 'ya'yansu mata biyu, a hawa na huɗu na wani gini da ke kan tudu, kuma kullum da safe jirgin ƙasa mai lamba huɗu yake hawa ya gangaro wurin aiki. Mai mota zai tsaya a bakin ƙofa ya miƙa makulli, Braimah ya ba shi tikiti, ya sauka da motar ƙasa. Garejin hawa biyu ne, duk a cikin ƙasa, kuma motoci ta gangara ɗaya suke shiga su fita, wata mai lanƙwasa a tsakiyarta.

A kusurwar layin akwai wani mai tebur, Hambali, mutumin Maradi, dogo siriri, wanda ke sayar da lema da safar hannu da huluna. Da yamma yakan zuba kayansa cikin akwatuna uku, Braimah ya ajiye masa su a bayan rumfar tikiti. Manaja ya sani, ya kau da kai. Abokantakarsu ba ta wuce haka ba: gaisuwa, shayi idan sanyi ya yi, da yi wa juna ba'a a kan wanda Hausarsa ta fi karkacewa.

A shekarar 2012 Babbar Sallah ta kama ranar Juma'a. Ranar Lahadi, naman layya na nan cike da firij, aka sanar za a tsayar da jirage da bas-bas saboda guguwa. Manaja ya nemi mutum biyu su kwana a wurin aiki su kwashe motoci zuwa wani gareji da ke can sama da gari. Braimah ya yarda, shi da abokin aikinsa Yaw, wanda shi ma ɗan Kumasi ne amma Ashanti. Suka yini Litinin suna kai da komo. Wajen ƙarfe biyar Yaw ya tafi da wata mota, sai ya tarar 'yan sanda sun hana dawowa. Ya buga waya.

"Bra Braimah, ka bar wurin nan. Sauran motocin ka ƙyale su."

"Huɗu ne kawai a ƙasa. In hawo da su sama, sai in fito."

Ana cikin haka Hambali ya iso da wata motar ɗaukar kaya da ya aro, don ya kwashe akwatunansa. Iska na neman ɗauke masa hula. Da suka gama lodi ya tsaya a bakin gangara ya ce, "Malam Braimah, shigo mu tahi. Bronx ni ma zan nuha."

"Tafi abinka. Saura biyu. Zan taka da ƙafa in sami Yaw."

Hambali ya dubi sama, ya shiga mota ya tafi.

Braimah na hawa na ƙasa, ya buɗe ƙofar mota ta ƙarshe ke nan, wuta ta ɗauke. Cikin duhun ya ji wata ƙara kamar ana juye tsakuwa daga tifa. Kafin ya gane mene ne, ruwa ya sha idon sawunsa, mai sanyi kamar ƙanƙara. Ya kunna fitilar wayarsa ya ruga ƙofar matattakalar baya, ya tura, ba ta motsa ba, ruwan da ya taru a bayanta ya danne ta. Ya juya ya kama gangara, yana bin bango. Da ya kai hawa na sama ruwa ya kai masa cinya, motocin da ya wahala ya hawo da su suna ta kuka, wasu sun fara yawo suna karo da juna. Wayar ta suɓuce. Saura gangarar ƙarshe, ita kuwa ta zama kogi. Sau biyu ya yunƙura, sau biyu ruwa ya kayar da shi, ya haɗiyi gishiri da fetur. A na uku hannunsa ya dace da bututun ruwan kashe gobara da ke bin bango a daidai lanƙwasa, ya rungume shi. Bai iya iyo ba. Ya yi kalmar shahada, ya sake yi, yana jin hannuwansa suna mutuwa.

Sai haske ya faɗo a kan ruwan daga sama, aka kira sunansa. Hambali ne, tocila a baki, igiyar ɗaure kaya a ƙugu, ɗaya bakin igiyar ya ɗaura ta a jikin motar da ya bari a kan titi. Shi ma bai iya iyo ba. Ya gangaro da baya da baya har ya damƙi wuyan rigar Braimah.

"Saki ƙarhen," ya ce bayan ya cire tocilar. "Kama ni."

"Ba zan iya ba."

"Saki, na ce. Ina riƙe da kai."

Braimah ya saki. Suka ja igiya hannu bayan hannu har suka fito titi, inda ruwa ya kai gwiwa yana gudu da kwandunan shara. Da ƙyar motar ta tashi. Har suka haye gada suka shiga Bronx haƙoran Braimah na kaɗawa don sanyi. A ƙofar gida Hawawu ta gan shi jiƙe sharkaf, ba takalmi ɗaya. Ta dubi Hambali, wanda ba ta taɓa gani ba, ta durƙusa a kan dakalin tana kuka tana sa masa albarka. Hambali ya ce wa Braimah ya sha abu mai zafi, ya juya ya tafi.

Ruwa ya cika garejin har rufi. Wata takwas a rufe.

Jikin Braimah ya warke cikin mako biyu, amma wani abu ya rage. Ranar da ya fara gwada shiga tashar jirgi ta ƙarƙashin ƙasa, ya taka matakala uku, ƙafafunsa suka ƙi. Ya tsaya mutane suna ratsa shi, gumi na keto masa cikin sanyin Nuwamba. Ya koma gida bai gaya wa kowa ba. Ko ɗakin wanki na gininsu, da yake a ƙasa yake, ya daina shiga. Hawawu ta lura, sai ta karɓe wankin. Tana dafa waakye, wato shinkafa da wake, da tuwo tana sayar wa direbobin tasi, sai ta ce masa ƙafarta na ciwo, ya taimaka ya riƙa kai musu a tashar mai. Ya san ƙafarta lafiya lau. Ya karɓi kulolin ya riƙa kaiwa.

Da aka buɗe garejin suka kira shi, ya ce ya gode. Ya sami aiki a wani filin ajiye motoci na sarari kusa da filin ƙwallo, rabin yini, a rana da ruwan sama da dusar ƙanƙara. Kowace Sallah yakan hau bas biyu ya kai wa Hambali nama da abinci har teburinsa, ta ɗaya gefen titi yake bi don kada ya ga bakin gangarar. Idan ya fara godiya Hambali sai ya shiga gyara lemomi, ya kawo wata maganar.

A bazarar 2014 Yaw ya zo har Highbridge. Shi ne manaja yanzu. Suka zauna a falo, Hawawu ta kawo musu zoɓo, wanda suke kira sobolo.

"Masu ginin sun sayo shinge," in ji Yaw. "Ba buhunan yashi ba. Na ƙarfe, wanda ake kafawa a bakin ƙofa idan an ce teku zai tunkuɗo. Ana son mutum huɗu da za su koyi kafa shi, ɗaya daga cikinsu ya shugabance su. Na ba da sunanka."

"Massa Yaw, ka san ba na sauka."

"Ban ce ka sauka ba. Aikin a bakin titi yake. Ka zo ranar Asabar ka gani, in bai yi maka ba ka koma."

Bayan ya tafi Hawawu ta zauna inda ya tashi. "Baban Fauzia," ta ce, "shekara biyu ke nan ban ce maka komai ba. Yau zan ce. Ka je ka gani. Ba don aikin ba."

Ranar Asabar ya hau bas ya je. A bakin gangarar ya tarar an huda kwalta an dasa wasu faifan ƙarfe a jere, an kuma manna wa bangon dama da na hagu dogayen ƙarafa masu kwarmi. Wata Baturiya gajera mai furfura, sanye da takalmin aiki, tana tsugune tana share wani siririn layi a ƙasa da buroshi. Yaw ya ce ita ce Madam Novak, injiniyar kamfanin da ya ƙera shingen. Ta miƙe ta gaishe su, ta tambayi sunan kowa, ta maimaita na Braimah sau biyu har ta faɗe shi daidai.

Ba ta yi dogon bayani ba. Ta sa aka turo kayan a kan amalanke daga ɗakin ajiya da ke kusa da ƙofa: ginshiƙi ɗaya na tsakiya, da allunan alminiyam goma sha huɗu, kowane da roba a gefensa. A ɗaure ginshiƙi a kan faifan ƙarfen nan da noti huɗu. A zura allo ta cikin kwarmi ya sauka ya zauna a ƙasa, a ɗora wani a kansa, bakwai a dama, bakwai a hagu. A ƙarshe a matse su ta sama har robar ta cije. Suka kafa, ta ce su kwance. Suka sake kafawa, tana riƙe da agogo, ta sake cewa su kwance. Sau biyar. Braimah ya ga hannunsa ya fi na sauran saurin gane inda kowane abu yake zama, kuma duk lokacin nan bayansa ya ba gangarar.

Da rana ta yi tsaka ta ce yanzu za a gwada da ruwa. Ma'aikatanta suka kafa wani shingen na wucin gadi ta wajen titi, taku biyu daga na garejin, suka toshe gefe da gefe, ya zama kamar kwami. Aka jawo tiyo.

"Ina son mutum ɗaya a ciki," ta ce, "ta bayan alluna, ya gaya min inda yake yoyo."

Babu wanda ya dubi Braimah, kowa ya san labarin. Yaw ya ɗaga ƙafa zai tsallaka tsani. Braimah ya ji bakinsa ya ce, "Bari ni."

Ya hau tsani ya sauka ta ciki. Taku ɗaya ne tsakaninsa da inda ƙasa ta fara gangarawa. Warin garejin ya buso masa, siminti da hayaƙin mota. Ya dafa allon sama da hannu biyu. Madam Novak ta hau tsanin ta zauna a kansa, inda zai riƙa ganinta.

"Yaw ya ba ni labari," ta ce a hankali. "In ka ce a tsaya, za a tsaya."

Aka saki ruwa. Yana jin sa yana dukan ƙarfe ta waje, yana hawa. Sanyin ya biyo alminiyam, daga allo na ɗaya zuwa na biyu, ya kai daidai gwiwarsa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Ya leƙa ta sama ya ga ruwan kwance, tafin hannu ɗaya tsakaninsa da shi. Ya dubi ƙafafunsa, takalminsa a bushe. Ya daɗe yana kallon takalman. Can sai ya hango wani siririn zare na ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin allon farko na hagu, yana bin gangara.

"Madam, ga shi nan. Ƙasa, hagu."

Ta leƙo. "Ka riga ni gani. Yana ƙaruwa?"

Ya tsuguna ya sa yatsa. "A'a. Yadda yake."

Da aka zuƙe ruwan aka ɗaga allon, sai ga murfin kwalba a maƙale ƙarƙashin roba. Ta ɗauke shi ta nuna wa duka huɗun. Ta ce ƙarfen ba zai ba su kunya ba, an gwada shi da abin da ya fi wannan. Abin da ke kayar da shinge shi ne datti a layin ƙasa, da robar da ta bushe ta tsage, da notin da wani ya ara bai mayar ba, da mutanen da suka koya sau ɗaya suka manta.

Suna cin abincin rana a kan amalanke Braimah ya tambaye ta abin da ke ransa. Ya ce wannan ƙofa ɗaya ce, garin fa? Tekun da ya shigo ranar nan bai tambayi ƙofa ba.

Ta ce gaskiyarsa. Ta ce akwai ƙasashen da suka gina manyan ƙofofi a bakin teku kansa, a Holan da Landan, idan ruwa zai tunkuɗo sai a rufe su, gari ya kwana lafiya. A nan ma ana ta magana, wasu na so, wasu na tsoron abin da zai yi wa kogi da kifi da unguwannin da za su rage a waje. "Ko za a yi, ban jin zan gani ina bakin aiki," ta ce. "Kafin nan, asibiti ya tsare ƙofarsa, tashar jirgi ta tsare tata, kai ma ka tsare taka. Ba ni da wata amsar da ta fi wannan."

Braimah ya karɓi aikin. Makon farko a rumfar tikiti ya tsaya, wasu ke sauka da motoci. Mako na biyu ya kai mota har lanƙwasa ya tsaya, Yaw ya ƙarasa da ita. Sai da aka yi wata biyu kafin ya taka hawa na ƙasa, ranar kuwa da ya fito sai da ya zauna a bakin titi ya huta. A hankali jirgi ma ya koma hawa.

Shingen ya zama nasa. Kowace Litinin yakan share layin ƙasa. Kowane wata uku yakan fito da alluna ya duba roba, ya shafa mata mai. Ya yi wa kowane allo lamba da jan fenti, ya rataye sifana da igiya don kada ta yi ƙafa. Sabon ma'aikaci duk da aka ɗauka, sai ya kafa ya kwance a gabansa kafin a ba shi makullin mota. Sukan yi gunaguni. Sau biyu aka yi gargaɗin guguwa suka kafa, ruwa bai zo ba, masu motoci suka yi ta faɗa an hana su fita. Madam Novak takan zo sau ɗaya a shekara ta duba. A zuwanta na uku ta zagaya ta ce ba ta ga abin da za ta rubuta ba, ta tambaye shi ko zai yarda ta riƙa turo masa ma'aikatan wasu gine-gine su ga yadda yake yi. A shekara ta huɗu wani saurayin injiniya ne ya zo, ya ce ta yi ritaya ta koma wajen 'yarta.

Ƙarshen Oktoban 2018 aka yi gargaɗin iska mai ƙarfi daga arewa maso gabas, za ta haɗu da cikar teku ranar Asabar da hantsi. Ba guguwa ba ce irin Sandy, amma layinsu a kwari yake. Tun ranar Juma'a da la'asar Braimah ya sa aka kira masu motoci, wanda zai fita ya fita. Asabar da sassafe shi da mutanensa uku suka kafa ginshiƙi, suka zura alluna, suka matse. Minti ashirin da biyar. Ya bi layin ƙasa da yatsa daga bango zuwa bango.

Hambali ya fito da tebur don ranar ruwa ranar cinikin lema ce, amma iska ta hana shi kafawa. Ya zo ya tsaya a bakin shingen. Braimah ya miƙa masa hannu ya tsallako tsani, suka tsaya ta ciki, kafaɗa da kafaɗa, kowa da kofin shayi.

Wajen ƙarfe goma ruwa ya fara ɓullowa ta ramukan kwata, maimakon ya shiga sai ya riƙa fitowa. Sannan wani ya biyo titi daga wajen kogi, baƙi, ɗauke da ganye da robobi. Ya haye dakalin masu tafiya, ya zo ya daki allon farko, ya tsaya. Ya rufe na farko, ya kama na biyu. Idan motar 'yan kwana-kwana ta wuce sai igiyar ruwa ta taso ta mari na uku ta koma. Braimah ya tsuguna da tocila ya bi ƙasa. Ɗigo ne kawai a kusurwar dama, wanda tsumma ɗaya ya isa.

Ya miƙe ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya juya ga Hambali. "Malam Hambali, yau ba lemar da za ka gyara. Ka tsaya ka ji. Duk abin da na ci, duk abin da na gani cikin shekara shidan nan, bayan Allah kai ne. Fauzia ta gama makaranta ina zaune a wurin. Mahaifiyata ta rasu na je na binne ta da hannuna. Ban san yadda ake biyan wannan ba, kuma ka hana ni ko faɗa."

Hambali ya dubi ruwan. "Akwai abin da ban taɓa hwaɗa maka ba," ya ce. "Ranar nan da na bar ka, ban yi nisa ba na ga ruwa ya taho ta South Street. Da idona na gan shi. Na san kana ƙasa. Ban juyo ba. Na taka mota na yi gaba, layi biyar, ina ce ma kaina ai ka hita, ai kai ka ce in tahi. Sai da jar wuta ta tsai da ni, babu kowa bisa titi, ni kaɗai, sannan na ji kunyar Allah na juyo. Da na juyo tun farko, da ba ka sha ruwan nan ba. Shi ya sa in kana godiya nike jin nauyi."

Braimah ya ajiye kofinsa a kan allo. "Layi biyar," ya ce. "Ni da na ƙi bin ka saboda motar wani fa? Ka ji tsoro, ka dawo, ka shiga ruwa ba ka iya iyo ba. Ni wanda ya dawo na sani. Ka bar ni in gode maka."

Hambali ya share fuska da hannun riga. "To," ya ce. "Na karɓa. Allah ya bar mu tare."

"Amin."

Kafin azahar teku ya fara janyewa. Ruwan ya sauka daga allo na biyu, ya bar layin datti a jikin ƙarfe, ya koma kwata. Braimah ya ɗauki hoton layin, ya nemi lambar Madam Novak a wurin Yaw ya aika mata, ya rubuta cewa garejin a bushe yake, shi da iyalinsa suna gode mata. Ba a jima ba ta kira. Muryarta ta tsufa. Ta tambayi tsawon ruwan, da minti nawa suka yi, da sunayen waɗanda suka kafa tare da shi. Ta ce ta yi shekara talatin tana sayar wa mutane shinge, yawancinsu ba ta taɓa jin ko sun yi amfani ba, shi ne na farko da ya neme ta bayan ruwa. Ya ce Hawawu ta daɗe tana son ta dafa mata abinci. Ta yi dariya ta ce ba ta cin yaji sosai, amma za ta zo.

Ya buga wa Hawawu ya gaya mata. Ta ce ya taho da Hambali, ta riga ta ɗora tukunya.

Suna kwance allunan suna wanke su da ruwan famfo don kada gishiri ya ci roba, sai Braimah ya ga Mista Han, tsohon da ke da shagon wankin kaya a jikin gininsu, tsaye a ƙofarsa da bokiti. Buhunan yashin da ya jera sun rushe, ruwa ya sauka ɗakinsa na ƙasa inda yake rataye kayan mutane. Shi da matarsa ne kawai, duk sun haura saba'in.

Braimah ya bar wa mutanensa sauran wankin. Ya shiga ɗakin ajiya ya jawo injin zuƙe ruwan gareji, wanda ranar bai yi aikin komai ba, ya ce wa Hambali ya kama masa tiyo. Matattakalar shagon ƙunci gare ta, ba wuta, ruwa a ƙasa ya kai ƙwauri. Braimah ya naɗe wando ya sauka, ya dasa injin, ya fara miƙo riguna da kwat-kwat sama, Hambali na karɓa yana ba tsohuwar. Da injin ya kama aiki Mista Han ya leƙo daga sama ya tambaye shi ko irin allunan nan ana yin ƙanana, daidai ƙofar shago.

"Ana yi," in ji Braimah. "Ranar Litinin zan zo da awo mu gwada faɗin ƙofar. Hambali, karɓi wannan rigar, ta amarya ce, kada ta taɓa ƙasa."